BMW E46 330i: da me zan fara kafin in riƙa shiga filin tsere da ita?

Ɗan Kwana ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san E46 ciki da bai. Tawa 330i ce ta 2003, mai giyar hannu, 'yar Kwatano, ta haura kilomita 200,000. Ita nake hawa zuwa aiki kullum, amma ina so in riƙa shiga killataccen fili da ita jefi-jefi, ba wasan kan titi ba. Abu biyu ke damuna. In an yi ta taka birki da ƙarfi a jere sai ya yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa, in mota ta huce ya dawo daidai. Sannan allurar zafi tana tsakiya cak, amma in na tsaya ina jin warin ruwan lagireto. Kuɗin da na ware na salansa ne, da taɓa kwamfutar inji don ƙarin ƙarfi, da shokazoba masu saukar da mota. Bakanikena kuma ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai shi ne maganin zafin ƙasarmu. Da wanne zan fara?

Oga Sifana ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar salansa tukuna, wannan warin da kake ji ya fi komai gaggawa.

Injin motarka M54B30 ne, silinda shida a jere, doki 231, kuma gangar jikinsa ta alminiyum ce. In ya yi zafi sosai sau ɗaya, ba gaskit kaɗai ke ƙonewa ba, kan injin yana lanƙwasa, zaren da kusoshin kan suke kamawa a cikin ganga ya zage. Ka ga an tashi daga ƙaramin gyara an koma neman wani inji. Kada allurar nan ta ruɗe ka. An tsara ta ta zauna a tsakiya tun daga wajen digiri 75 har zuwa kusan 115, saboda haka duk lokacin da ta gota dama, ruwa ya riga ya yi nisa. Ainihin zafin yana cikin ɓoyayyen gwajin allon mita: ka danne maɓallin goge kilomita, ka murɗa makulli mataki na farko, ka je lamba 19 ka buɗe, sannan ka koma lamba 7. A tafiya ta yau da kullum za ka ga tsakanin 90 da 98. In ya wuce 105 a filin tsere, ɗaga ƙafa daga totur ka zagaya a hankali.

Kayan sanyaya E46 rabinsu roba ce, roba mai shekara ashirin kuwa ba ta ba da sanarwa. Kada ka sauya su ɗaya-ɗaya, ka kwashe su rana guda: tankin ruwa da murfinsa mai riƙe matsin bar 2, famfon ruwa, tamostat da gidansa, lagireto, tiyon sama da na ƙasa, bel da kurarsa. Tankin ne ya fi yawan tsagewa, a gefe, tsaga siririya da ba ta zubarwa sai ya ɗau zafi. Duba jikinsa, in ka ga busasshen farin tabo kamar na kanwa, to nan ne. Akwai kuma bututu biyu na roba mai tauri a ƙarƙashin bakin shaƙar iskar inji da mutane ke mantawa da su, bakinsu kan rududduge.

Batun cire tamostat, kada ka yarda. Na wannan injin yana buɗewa ne a digiri 97, amma akwai wayar ɗumama a jikinsa da kwamfuta ke kunnawa ta buɗe shi da wuri in an matsa wa inji. In aka cire, wani kaso na ruwan zai riƙa bi ta gajeriyar hanya ya koma inji bai shiga lagireto ba, a kan titi kuma inji ya ƙi kaiwa zafinsa, ya sha fetur, baƙin mai ya lalace da wuri. Fankar ma kwamfuta ce ke ba ta gudu gwargwadon buƙata. In ba ta tashi, a gyara ta, ba a yi mata haɗin kai tsaye ba.

Duka-duka ruwan ya kai lita 8.4. Haɗa shuɗin ruwan sanyaya irin na BMW rabi da rabi da tataccen ruwa marar asid, ban da na rijiya ko na burtsatse, gishirinsa ke toshe lagireto. Wajen cikawa a ɗaga gaban mota, a kunna makulli ba tare da tada inji ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa, a kwance kusar fitar da iska, a zuba a hankali har ruwa ya fito babu kumfa. Kusar nan roba ce, da ɗan yatsa biyu ake ɗaure ta.

Injiniya ya amsa:

Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Ni bari in ɗauki birki.

Gajiyar birki iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta. In feda ta yi tauri amma mota ta ƙi tsayawa, takalmin birki ne ya wuce zafin da yake iya ɗauka. In feda ta yi laushi tana nutsewa, irin taka ke nan Malam, man birki ne ya tafasa. Man birki yana zuƙar laima daga iska. Sabon man birki mai matsayin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari yana iya saukowa zuwa 155. Tururi kuwa yana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙafarka ke tafiya a banza. Galibin motocin da ke shigowa ta Kwatano ƙari kawai ake musu, ba a taɓa juye man ba.

A zuƙe tsohon kaf a sa sabo. ATE Typ 200 yana kai digiri 280, Motul RBF 600 kuma 312, ko wanne ya ishe ka. Lita ɗaya ta wadatar, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a kuskura a zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya jituwa da ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki. Shi DOT 5.1 wani abu ne daban, yana haɗuwa da DOT 4. A fara tatsa daga bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Kada a bar kofin man ya ƙafe, don in iska ta shiga famfon ABS sai an nemo kwamfuta ta motsa shi kafin ta fita. Kulocin motarka daga wannan kofin yake sha, a tatse shi ma. Mai shiga fili ya riƙa juyewa duk wata shida, ba shekara biyu irin na mai zuwa kasuwa ba.

Ba ka buƙatar manyan birki. Faifan gaba na 330i milimita 325 ne, kaurinsa 25, na baya 320 da kauri 22. A auna: in na gaba ya sauka ƙasa da 23.4, ko na baya ƙasa da 20.4, ya gama aiki. Sayi faifai lafiyayye marar huji, masu hujin nan tsagewa suke yi daga bakin ramukan. Takalmi kuwa, irin su Ferodo DS2500 suna iya titi suna iya fili, sai dai ka yi haƙuri da ƙura a wili da ɗan ƙara in suna sanyi. Kada ka shiga fili da takalmin da ya ci fiye da rabi, siririn takalmi yana miƙa zafi kai tsaye ga mai. Tiyoyin birki na roba ma a maye su da masu saƙar waya.

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. A wuri marar jama'a, ka sauko daga gudun kilomita 100 zuwa 20 a awa da ƙarfi sau takwas zuwa goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba. In ka fito daga fili kuma kada ka ja birkin hannu, kada ka bar ƙafa a kan feda, sa giya ka kashe. Takalmi mai zafi yana barin shatinsa a jikin faifai, shi ne girgizar sitiyarin da ake cewa faifai ya lanƙwashe, a je a yi ta sayen sabo.

Ɗan Kwana ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. To baƙin mai fa? An ce in koma 10W-60 irin na motar BMW M3. Kuma akwai wani "gwaf" da nake ji daga baya in na saki kuloci da ƙarfi.

Mai Walda ya amsa:

Yallaɓai, wannan "gwaf" ɗin kada ka wuce shi. Yana iya zama bushin difa (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya), mai sauƙi ke nan. Amma E46 ta yi ƙaurin suna wajen yagewar bodi a inda gadon ƙafafun baya yake ɗaure. Wuri huɗu ne, tsagar kan fara daga na bayan hagu, sai ta bayyana a na gaban dama, domin duk lokacin da ka saki kuloci difa tana murɗa gadon, falankin wajen kuma siriri ne. Daga waje ba a gani sosai. Sai an sauke gadon, an kankare baƙin fentin ƙasa har ƙarfe ya fito. In akwai tsaga, a huda ƙarshenta da ƙaramin dirili don kada ta ci gaba, a yi walda, sannan a ɗora faranti na ƙarfafawa a duk wuraren huɗu. A sauke tankin fetur kafin a kunna wuta, na gaban suna dab da shi. Tunda an riga an sauke, a sauya bushin gadon, da na dogayen hannuwan baya, da mazaunin shokazoba na sama. Masu cewa a yi wa difa walda don mota ta riƙa jan gindi, su sani wannan wurin suke ƙara wa wahala, kuma a kan titi mai ruwa motar ba ta da amana.

10W-60 na injin S54 ne na M3, ba naka ba. Kai 5W-40 ko 0W-40 mai shaidar BMW ta LL-01, lita 6.5 da sabuwar matata. Da ƙurar hunturu da shiga fili, juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000, ka manta da lissafin da allo ke nuna maka. M54 mai shan baƙin mai ne, auna da sanda kafin kowane zagaye, ya kasance a cike, don a doguwar kwana mai yana kwarara gefe famfo ya zuƙi iska.

Abin da ke kashe wannan injin a filin tsere shi ne notin famfon baƙin mai. Dogon kiranshaf ɗinsa yana rawa in an daɗe sama da juyi 6,000 a minti, rawar ta bi sarƙa ta kwance notin, haƙorin famfo ya faɗi, mai ya ɗauke, cikin daƙiƙoƙi inji ya buga. Zaren notin na hagu ne, bakanike ya sani kafin ya karya. Ana huda shi a ɗaure da waya, ko a sa gyararren sanda da haƙori. Aikin sai an rataye inji, an sassauta gadon gaba, an cire kaskon mai. Kafin ka yi shi, sauya giya a 6,000, kada ka kai 6,500.

Oga Sifana ya ƙara da cewa:

Kan shokazoba masu saukarwa, ni ban goyi baya ba a motar da ke bin titunanmu kullum. Masu arhar tauri kawai gare su, ramuka kuma su tura dukan zuwa hasumiyar shokazoba ta gaba har ta kumbura. Sababbin na asali ko na kamfanin Bilstein, da sabon bushin hannuwan gaba, sun fi. Taɓa kwamfuta a injin da ba shi da turbo ɗan abin da zai ƙara ba za ka ji shi ba, ga fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba. Buɗaɗɗiyar matatar iska ma bar ta, iskar zafi da ƙura take sha.

Sauran kuɗin ka kai su taya. 225/45 R17 guda huɗu iri ɗaya, sababbi. Duba lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, wadda ta haura shekara biyar ba ta fili ba ce ko da zanenta na nan. Iska tana hawa da bar 0.3 zuwa 0.5 in taya ta yi zafi, saboda haka ka auna da zarar ka fito, ka rage zuwa wajen 2.4, in za ka koma gida ka mayar da ita yadda takardar jikin ƙofa ta ce. Ƙarfin ɗaurin kusoshin wili Nm 120 ne, da sifana mai awo, kuma sai sun huce ake duba su.