Don Allah shawara: laftof ɗin da zan saya wa yaro kafin Sallah

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Babban ɗana ya samu gurbi a jami'a, kimiyyar kwamfuta zai karanta, na yi masa alƙawarin laftof a madadin kayan Sallah. Naira dubu 300 na kwasa a adashi. Jiya an nuna min wata mai sheƙi a wani shago, wai i7 ce, har da jaka kyauta. In biya?

Malam Sani mai gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Dakata tukuna. Cewa i7 kawai kamar a ce miki "mota ce babba" ne ba a faɗi shekarar da aka ƙera ta ba. Ki sa mai shagon ya kunna ta ya nuna miki cikakkiyar lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Lambar farko bayan ɗan layin da ke bin i5 ko i7 ita ce janareshan, wato zubin da aka ƙera ta a ciki; daga na 10 zuwa sama kuma lambobi biyu na farko ne. Misali i7-4600U janareshan na 4 ce, tun 2013 ta fito. Ita kuwa i5-8250U ta 2017 ce, janareshan na 8, kuma ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da sunanta i5. Da wannan ake cin mutane a lokacin bukukuwa, kowa ya riƙe 7 ta fi 5.

Wani abin kuma, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga janareshan na 8 take farawa. Ƙasa da haka ni dai ba zan saya wa ɗana ba.

Abba ɗan makaranta: Malam Sani, ai ana ɗora 11 ɗin ta bayan gida a kan tsofaffin. Kuma mai karanta kwamfuta zai iya sa Ubuntu a madadin Windows, kyauta ce.

Malam Sani mai gyara: Ana ɗorawa Abba, ni ma ina ɗora wa wanda ya riga ya mallaki tsohuwa. Amma wanda kuɗinsa ke hannu me zai kai shi sayen abin da sai an yi masa dabara? Shekara huɗu za ta yi wa yaron nan aiki.

Anti Zulai: Ni batir zan ja miki kunne a kai, Maman Hanifa, don ni na ɗanɗana. Bara ana jibi Sallah na sayi ta hannu, a shago tana jone da wuta, batir ya nuna 100, mai shagon har da rantsuwa. Na kai gida aka ɗauke wuta, ko minti ashirin ba ta yi ba ta mutu ɗif. Da na koma bayan hutu sai ya ce ai sati ya wuce, babu mayarwa. Ko rasit ban karɓa ba saboda sauri, lalle na jira na a gida.

Malam Sani mai gyara: Allah Ya mayar da alheri Anti. Wannan akwai maganinsa. A buɗe cmd, wato baƙin shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto. A ciki akwai lambobi biyu, ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda yake iya ɗauka yanzu. In na yanzu ya faɗo kusan rabi, to a rage kuɗin sabon batir a ciniki. Sannan a zare caja a bar bidiyo yana tafiya yayin da ake ciniki. Mai shagon da ya hana ki wannan, ki yi masa sallama.

Injiniya Bala: Ƙari a kan na Malam Sani: ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe ayyukan da take kan yi, kada ya gaza 8GB, in da hali 16. Kuma lallai ma'ajiyar fayil ta zama SSD mai sauri, ko da 256GB ce. Za su ce miki ga mai had dis na 1TB, wuri ya fi yawa. Gaskiya ne, amma kafin ta gama kunnuwa an dafa shayi. A cikin na hannu ki nemi irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallamar: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5. Suna jure wahala, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu a Kano. Su ma dai a duba lambar, don akwai 'yan janareshan na 7 a cikinsu.

Elhadji na Maraɗi: Ku duba kibod ma. Waɗanda ke zuwa daga Faransa jerin haruffansu AZERTY ne, mu nan mun saba da shi, amma yaron Nijeriya da ya koyi QWERTY zai sha wahala.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Ni duk wannan ban sani ba. To na ga wata a Facebook an yi ragin Sallah, sabuwa dal, rabin kuɗi. Sun ce a tura kuɗi su aiko daga Legas.

Anti Zulai: Kul!

Injiniya Bala: Kada ki tura ko sisi sai kaya ya zo hannu. Kuma sabuwa mai arha haka yawanci mai raunin furosesa ce, wato Celeron, mai ram 4GB, ko Chromebook, wadda ba Windows ke kanta ba, manhajojin da za a buƙata a makaranta da yawa ba za su hau ba.

Malam Sani mai gyara: A shiga BIOS ma, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, a tabbatar babu kalmar sirri, wasu a kulle suke zuwa. A gwada kyamara, sifika, wayifai da kowace kafar USB. A buɗe farin shafi a duba sikirin ko akwai tabo. Rasit kuma a rubuta lambar siriyal da kwanakin garanti da biro, ba da baki ba. Ki ware wani abu don caja ta asali, ta bogi da wutar janareta su suka fi kawo min aiki shago.

Maman Hanifa: Malam Sani, don girman Allah ko za ka raka mu ranar Asabar? Ni cmd ɗin nan ko a mafarki. Shi kuma yaron yanzu yake ce min wai MacBook abokansa ke riƙewa.

Malam Sani mai gyara: Ba komai Hajiya, bayan azahar. Ku taho da shi, shi zai rubuta cmd ɗin da hannunsa. MacBook kuma ya bari sai ya fara ɗaukar albashi.