Wace magana ce in an faɗa muku take ɓata muku rai?

Mai Awo, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara ajiye tawa. Sana'ata awon hatsi ce. Ranar Lahadi ina Gujungu, sauran kwanaki ina ƙofar gida da kwanona. A duk maganganun da ake faɗa mini babu wadda take tsaya mini a wuya kamar "ai ba gudu zan yi ba".

Ga yadda take zuwa. Tsakiyar damina, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Mutum zai zo bayan magariba yana magana ƙasa-ƙasa, a auna masa kwano biyar ko goma, da zarar ya kaɗe riɗi zai biya. Ka san gidansa, ka san yaran da ke jiran tuwon, sai ka auna. Kaka ta yi, masu sayen riɗi sun zo sun kwashe an yi Dawanau da shi, ka ga mutumin naka ya sa wa babur sabuwar taya. Kai ne ma kake jin nauyin tunin. Ranar da ka daure ka yi, sai ya ɓata fuska ya ce, "Haba Malam, ai ba gudu zan yi ba."

To ni na ce zai gudu? Wallahi da gudun ya yi da ya fi mini, sai in fid da rai in share sunansa daga littafi. Amma yana nan, sahu ɗaya muke sallar asuba, kuɗina kuma suna aljihunsa. Wani ma cewa zai yi zai rama da hatsi, kwano a bakin kwano, alhali ya karɓa lokacin da gero ya fi tsada, yana so ya mayar lokacin da ya fi araha.

In ka matsa, sai ƙanwarta ta biyo baya: "Nawa ne ma kuɗin?" Yana faɗa yana dariya, wai ya nuna maka kai ne mai ƙaramin rai. In magana ta kai gaban dattawa kuwa, kowa ya san inda za ta tsaya: "Ai kai ne babba, ka yi haƙuri." Ina girmama iyayenmu, amma ban taɓa zama inda aka juya wajen mai cin bashin aka ce masa ai kai ne babba, ka biya ba. Girman kullum a kan wanda aka cuta yake faɗowa.

Ku fa, wacce ce taku?

Maman 'Yan Biyu, ƙasar Kazaure

Wa alaikumus salam. Malam, kai taka ta kuɗi ce, ana iya mantawa. Tamu ta mata ita ce "har yanzu shiru?"

Na daɗe a ɗakina kafin Allah ya ba ni haihuwa, kuma duk gidan sunan da na shiga sai wata ta dubi cikina kafin ta dubi fuskata. A gama gaisawa, ta matso ta ce, "Amarya, har yanzu dai shiru?" Me kake so in ce mata? In ce a'a, na haihu na ɓoye a ƙarƙashin gado? Sai da ta kai na daina zuwa suna, ina aika sabuluna da zanin jariri a kai. Mai tambayar ta manta kafin ta kai gida, ni kuwa in kwana da ita.

Yanzu kuma ƙanwata ake wa. Tana karatun aikin jinya a Birnin Kudu, in ta zo hutu sai "yaushe za mu sha biki?" Ko mutum ɗaya bai tambaye ta yadda jarrabawa ta kasance ba.

Abin da ka faɗa na haƙuri gaskiya ne. Mu ma in ka kai ƙara gida, kafin ka gama bayani an ce zaman aure ɗan haƙuri ne, a ɗauko miki mayafinki.

Ɗalibi Ɗan Gaya

Ni dai "saura mutum ɗaya" ta tasha. Ranar Juma'a a Wudil, kasuwa na ci, rana na dukan kwanon mota, ɗan kamasho yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Ka biya ka shiga, sai ka ga biyu daga cikin waɗanda ka tarar a zaune sun sauka sun koma gindin bishiya. Ashe ado ne aka yi wa motar da su.

Direban Hanyar Gumel

Ƙanena ɗan Gaya, ba zan musa maka ba, ana yi. Amma ka tambayi kanka, in ka zo ka ga mota wayam za ka shiga? Ba za ka shiga ba, gaba za ka yi ka tsaya bakin titi. Kowa so yake ya zama na ƙarshe, to wa zai zama na farko? Kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, in na tashi da kujera biyu babu kowa, ranar don mai gidan mai na yi aiki. Ga kuɗin tasha, ga na kamasho, ga na mai mota da yamma.

Tawa kuma ita ce "abin da ke hannuna ke nan". Ba a tasha ake faɗarta ba, sai mun isa. Ranar Alhamis in ɗauko mutum daga Maigatari, a gabana ya sayar da bijimi, aljihunsa har ya rinjayi rigar. Mu zo Gumel ya miƙo rabin kuɗi ya ce, "Direba a taimaka, abin da ke hannuna ke nan." Gaskiya ya faɗa, a hannunsa kam shi ke nan, sauran suna cikin wando.

Tsohon Hedimasta, Ɗambatta

Ni abu biyu ne. Na farko "dala ta tashi". Na yarda da mai taki, na yarda da mai maganin feshi, kayansu daga waje ake shigo da mafi yawansu. Amma yarinya mai tallan kuka ta ce mini dala ta tashi, ita da bishiyar ke bayan gidansu tun kafin a haifi kakanta! Da na yi ƙorafi a gida, uwargidana ta ce ai kuɗin kukar da shi za a sayi sabulu da man gyaɗa, su kuwa sun tashi. Na ji hujjar, amma har gobe ba na son jin kalmar, don in dalar ta sauka ba wanda yake zuwa ya sanar da kai.

Na biyu gaisuwar samarin yanzu. Ka ce wa yaro ina kwana, yaya mutanen gida, ya ce maka "nomal". A aji na sha mayar da yaro ƙofa ya sake shigowa saboda sallama kawai. Jikana ya kira ni a waya daga Kano ya ce, "Alhaji, ya ne?" Na ce masa ya kashe ya sake kira.

Mai Awo, game da bashinka: ka riƙa rubuta kuɗi ba kwano ba, a gaban shaidu biyu, da ranar biya. Rubuta bashi umarni ne a cikin Suratul Baƙara, ba rowa ba ce.

Mai Awo, ƙasar Ringim

Na gode Baba. Ina rubutawa, shaidun ne ban taɓa nema ba, don mai zuwa da daddare ba ya son a gan shi. In kuma na ce a kira wani, na san amsar da zan samu: "Au, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Ita ma a saka ta a lissafi.

Maman 'Yan Biyu, na karanta wa maiɗakina taki. Ta ce a gaya miki kin manta da "kin ga yadda kika rame kuwa?"