Duwatsun tankina na ɗaga pH, in cire su ko in bar tsirran a kai?

Mai_Tetra:
Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60. Na jera wasu duwatsu launin toka masu fararen zane a jiki, irin waɗanda ake kira Seiryu, na ɗaure tsirran ruwa Anubias da Java fern a kansu. Ruwan famfona pH (ma'aunin tsamin ruwa, in ya hau tsami ya ragu) 7.0 ne, KH (ma'aunin yawan kabonet a ruwa) kuma 3. Amma a cikin tankin pH ya kai 7.8, KH ya hau 7, kuma sababbin ganyen Anubias suna fitowa ɗorawa-ɗorawa. Kifayen neon tetra ne. Duwatsun ne ke jawo haka? Gaskiya ba na son rabuwa da su, su ne duk kyan tankin.

Baban_Gofi:
Wa alaikumus salam. Su ne kuwa. Fararen zanen nan da ka gani sinadarin kalsiyam kabonet ne, kuma a hankali yake narkewa cikin ruwa, yana ƙara KH da GH (ma'aunin yawan kalsiyam da magnesiyam a ruwa), pH kuma ya biyo baya. Ka ciro guda ɗaya, ka bari ya bushe, ka ɗan kankare wurin zanen, ka ɗiga ruwan khal. In ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, magana ta ƙare. Sai dai khal ba shi da ƙarfi sosai, wani lokaci sai ka kanga kunne kafin ka ji yana shii. Gwajin da ya fi tabbas shi ne ka jiƙa dutsen a bokitin ruwan famfo na mako guda, ka auna KH kafin da bayan.

Maganar tsirrai kuma, kwantar da hankalinka. Anubias da Java fern ba daga jikin dutse suke ci ba. Saiwoyinsu kama dutsen kawai suke yi, abincinsu daga ruwa yake, kuma suna jure ruwan da ya kai pH 8. Abin da nake zargi a ganyen naka ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. In pH ya hau, ƙarfen da ke cikin ruwa yakan koma yanayin da tsiro ba ya iya sha, kuma sabon ganye ne ke fara nunawa. Ka duba kwalbar takinka. EDTA da DTPA sinadarai ne da ake sawa a taki don su riƙe ƙarfe narke a ruwa; in EDTA aka rubuta, ba ya riƙe ƙarfe da kyau a irin ruwanka, ka nemi mai DTPA. Ka kuma tabbata wannan kara mai kauri da ganye ke fitowa a jikinsa yana sarari, zare ko sufa gulu bai shaƙe shi ba, don in ya rufu ruɓewa yake yi.

Ɗan_Gansakuka:
Ni dai ba tsirran nake tausayi ba, kifin nake ji. Neon tetra asalinsa daga rafukan yankin Amazon ne, ruwa mai ƙarancin ma'adinai. Zai rayu a 7.8, amma ba nan ya fi walwala ba. Wanda ke son irin waɗannan duwatsu, kifayen gofi da moli ne abokan tafiyarsa, ko kifayen tafkin Malawi in tankin babba ne. In kuma tetra ɗin ne a ranka, ka canja zuwa dutsen aman wuta. Ba ya canja yanayin ruwa, ga ramuka a jiki da saiwa ke kamawa da wuri.

Mai_Tetra:
Na gode ƙwarai. Na yi gwajin khal, ya yi kumfa. To in na sa iskar CO2 (kabon dayoksaid) a ruwan fa, ai zai sauko da pH ɗin ko?

Baban_Gofi:
Zai sauko a ma'auni, amma akwai tarko a ciki. CO2 na ƙara wa ruwa tsami, tsamin kuma shi ne ke cin dutsen, sai KH ya riƙa hawa fiye da dā. Haka ma magungunan rage pH da ake sayarwa, ka zuba yau ya sauka, jibi ya koma, kuma wannan hawa da saukar ya fi wahalar da kifi a kan ruwan da ya tsaya wuri ɗaya. Tunda ruwan famfonka KH 3 ne, shi ne maganinka. Ka riƙa canja kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan duk mako, ka rage dutse ɗaya ko biyu daga waɗanda suka fi farin zane. Ka riƙa auna KH dab da canjin ruwa, in ya tsaya a 5 ko 6 ka bar tankin yadda yake.