Wace kalma za mu ba "cohort study" a Hausa?

Masu fassara labaran lafiya sukan rubuta "bincike na dogon lokaci" idan suka ci karo da "cohort study", ni kuwa a ganina wannan bai fito da ma'anar ba, domin ainihin aikin shi ne a ɗebi wasu mutane da aka tantance ko su wane ne tun suna da lafiya, a yi ta bin su har a ga wanda ya kamu da ciwo, da wanda ya rasu da sauran ƙarfinsa, da abin da ya bambanta su da sauran.

A garin Framingham na jihar Masacusets a Amurka, an fara irin wannan aiki a 1948 da mutum 5,209. Duk bayan shekara biyu sukan dawo a auna hawan jininsu da nauyinsu, a tambaye su yawan tabar da suke sha. A 1971 aka shigar da 'ya'yansu, a 2002 kuma jikokinsu, don a rarrabe abin da mutum ya gada a jini da abin da ya samo daga abinci da muhalli da yanayin rayuwa. A Birtaniya ma, masu bincike Richard Doll da Austin Bradford Hill sun fara bin likitoci a 1951, bayan shekara 50 aka tabbatar cewa mai shan taba tsawon rayuwarsa yakan yi asarar kimanin shekara 10.

Wasu sun ba da shawarar "binciken tsara", amma 'yan Framingham ba sa'annin juna ba ne, akwai masu shekara talatin da masu sittin. "Binciken rukuni" kuma ya yi faɗi, domin rukunin da aka yi wa tambayoyi sau ɗaya aka sallama shi ma rukuni ne.

Abin da ya kwanta mini shi ne "binciken bin ayari". Ayari rana ɗaya yake tashi, an san adadin mutanensa, ana yada zango a ƙirga su, kuma idan wani ya kasa a hanya madugu ya san sunansa da wurin da ya tsaya. Da wannan kalma mai fassara zai iya rubuta "ayarin 1948" ko "ayari na biyu", ya kira kowane zagayen gwaji "zango", ba tare da ya ƙara bayani ba. Ina roƙon likitocinmu da ma'aikatan gidajen rediyo su gwada ta a cikin jumla su faɗi inda ta gaza.