Shiga tsofaffin gidajen silima na Yamai: abin da aka shawarta

Jiya da dare hirarmu ta koma kan gidajen silima da aka rufe, irin su Vox da Jangorzo, da yadda matasa ke son leƙa irinsu su ɗauki hoto. Baba, wanda ya daɗe yana aikin haska fim, ya ce a fara neman izinin mai wurin ko mai gadi. Rufaffen gida ma da mai shi. A je da rana, mutum biyu ko uku, da fitila da takalmi rufaffe, saboda macizai da kunamu. A rufe hanci, don ƙurar kashin jemage tana cutar da huhu. Kada a hau benen ɗakin injin haskawa sai an gwada matakalar.

Inda ya fi daɗewa shi ne zancen faifan fim, kuma nan ne ya fi taɓa ni. Wanda aka yi kafin 1951 yakan kama wuta da sauƙi, ruwa ma ba ya kashe ta, don haka ban da sigari ko ashana. Wanda aka yi bayan nan kuwa in ya fara lalacewa yana warin tsami. Ya roƙe mu kada mu warware shi ko mu ɗauka, mu sanar da mai wurin.