Rafute na Okinawa: abin da masu dafa shi suka yi ittifaƙi a kai

Rafute naman cikin alade ne da fatarsa, wanda mutanen Okinawa a kudancin Japan suka gada tun zamanin daular Ryukyu. Magana ta farko da kowa ya nanata ita ce tafasar fari. A saka kilo 1 dunƙule guda a ruwa, ya yi minti 50 ana kwashe kumfa. Sai ya huce a yanka ƙwaya-ƙwaya, kimanin santimita 5. Wanda ya yanka ɗanye zai ga naman ya tsuke ya karkace.

Daga nan sai romon busasshen kifin katsuo kofi 4, giyar shinkafa ta awamori kofi 1, da baƙin sukarin rake giram 100, wanda kusan mazarƙwailarmu ce. Sukari ke fara shiga. A bar shi minti 30 kafin a zuba shoyu, ruwan waken soya mai gishiri, rabin kofi, a raba zubin kashi biyu. Gishiri in ya riga, nama yakan ƙi laushi, zaƙin kuma ba ya ratsawa.

Wuta ƙasa-ƙasa, awa 1 da rabi. In ta yi yawa kitsen ya narke, tsokar ta bushe. Ya kwana a firji, da safe a ɗebe daskararren man.

Musulmi da ke son wannan ɗanɗano za su iya amfani da naman ƙirjin saniya, su bar giyar, su ƙara citta da awa guda a wuta.