Musayar baiti: lauje ko kayan wawaso

Baƙon Gadarif:
Salamu alaikum yan uwa, yau ni zan buɗe kuma wlh abin yana cina ne. kun san tun Disamba 2023 yaƙin Sudan ya sa muka baro Wad Madani da yara a bayan lori, shagon atamfa na ko yadi ɗaya ban fito da shi ba. jiya wani ya tare ni a kasuwa yace akwai firij da janareto da katifu zai bani in sayar mu raba, ni da shi kuma duk mun san daga gidajen mutane aka kwaso su. maƙwabcina kuma yace ana neman masu yankan riɗi a gona. amsa-amon "ba" ne, wanda ya iya ya ɗora

Tsoro ya zo mini tsakar dare,
Ya ce yaranka ba su ci ba.
Karɓi kayan nan ka sai da su,
Ai ba kai ka fasa gidan ba.
Girman kai ya biyo da sallama,
Wai Alhaji bai san lauje ba.
Mai shago a Madani jiya jiya,
Bai dace a gan shi a gona ba.
Su biyun sun sa ni tsakiya,
Har assalatu ban runtsa ba.

Na Jidda:
Wa alaikassalam yaya. a mota nake ina jiran mai gida ya fito daga asibiti, ga abin da ya sawwaƙa

Yaya, tsoron nan maƙaryaci ne,
Bai taɓa cika alkawari ba.
Uwar Musa ta tsaya bakin kogi,
Zuciyarta ba dutse ce ba.
Aka ce jefa shi cikin ruwa,
Ta jefa, ba ta ja da umarni ba.
Gidan Fir'auna ruwa ya kai shi,
Nonon kowa bai kama ba.
Aka mai da shi cinyar uwa tasa,
Allah bai saɓa zance ba.

ka buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 7 zuwa ta 13 ka karanta a hankali

Ɗan Damazin:
ku yi haƙuri ni fa zan ɗan saɓa, wanda ke Jidda cikin sanyin mota faɗa tana masa sauƙi

Malamai sun ce larura,
Ba ta bar haram a haram ba.
Yunwar yaro da kuka nasa,
Baiti bai taɓa kashe ta ba.

Jikan Maiurno:
Ɗana na Damazin ban ga laifinka ba, yunwa ba ƙanwar lasa bace. amma larurar da Suratul Baƙara aya ta 173 ta faɗa ta wanda duk ƙofofi suka rufe masa ce har ya rasa abin da zai tsira da rai, shi kuwa Alhaji da bakinsa ya faɗa mana ga lauje a ajiye

Larura sai in ƙofa ta toshe,
Ta Alhaji ba ta rufe ba.
Ranar Uhudu maharba hamsin,
An ce kar ku sauka, ba su jure ba.
Ganima suka hango a ƙasa,
Kaɗan ne ba su bar dutsen ba.
Nasarar da ta zo har hannu,
Ba ta kai la'asar a hannun ba.
Katifar nan da za a ba ka,
Mai ita bai yafe maka ba.
Wataƙila yana Kassala a tabarma,
Shi ma bai samu barci ba.
Atamfarka tana wata kasuwa,
Mai sayenta ba ka sa mai albarka ba.

sai batun girman kai. Alhaji mu nan jikokin masu hijira ne, bayan yaƙin Burmi a 1903 da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja sauran jama'a gabas har suka zauna bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin Maiurno ma sunansa ya ci. mutanen da suka baro gidajen sarauta da makarantu, da me ka ga sun ci abinci a nan in ba fartanya ba?

Wanda ya fara cewa "na fi shi",
Iblis ne, bai ƙara ganin rahama ba.
Annabawa sun yi kiwon tumaki,
Sanda ba ta rage musu daraja ba.

Inna mai shayi, Kassala:
Ni ban iya awon baiti kamar ku ba ya'yana, amma wannan ciwon na san shi. a Hartum har yar aiki gare ni, yau gani gindin bishiya da murhun gawayi da kujeru shida ina dafa shayi da gahawa ina kallon dutsen Taka. ranar farko saida na ja mayafi har hanci dan kar wani ya gane ni, hannuna na rawa na zubar da sukari rabin gwangwani

Na farkon da ya sai shayina,
Maƙwabcinmu ne, ban zata ba.
Jarkar ruwa yake talla a kafaɗa,
Ya gaishe ni, bai sunkuyar da kai ba.
Nan na sauke mayafi na huta,
Ashe kowa bai damu da ni ba.
Nana Hajara ta ce in Allah ne
Ya umarta, ba zai tozarta mu ba.
Amma Safa da Marwa sau bakwai
Ta yi sassarfa, ba ta zauna ba.

Ɗan Damazin:
Baba maganar atamfar nan ta shige ni, na janye. amma yaya Na Jidda a taimaka masa da na cefane kafin a biya shi, dan Allah

Na Jidda:
ai ka rigani ne ƙanina, albashi na shiga zan tura ta Bankak, manhajar Bankin Hartum, in sha Allah

Baƙon Gadarif:
Allah ya saka da alheri, Inna kin sani hawaye. yanzun nan na kira mutumin nace ya nemi wani, yace zan yi nadama, nace Hasbunallahu wa ni'imal wakil na kashe waya kuma har yanzu ƙirjina na bugawa bazan ɓoye muku ba

Tsoron bai tafi ba yana nan,
Amma ban ba shi linzami ba.
Gobe da asuba zan hau lori,
Riɗi in ya nuna bai jira ba.

sai dai rabona da lauje tun ina yaro, ya ake yi da kanta a hannu?

Inna mai shayi, Kassala:
ka yagi tsohon ƙyalle ka naɗe tafin hannun tun kafin ka fara, ka sa takalmi rufaffe saboda macizai, jarkar ruwanka kuma ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. kuma karka tafi da farar jallabiyar nan taka